Wutar da Na Goge

Gwadangaji,
Birnin Kebbi.

Zuwa ga ɗana Bashar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Argungu lafiya, kai da akwatin sifanoninka, kuma rumfar da ka kama ba ta yoyo. Allah ya tsare ka a gida da hanya, ya kiyaye hannunka daga kaifin ƙarfe da zafin lagireto. Innarku tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci, na ce mata wanda ke tashi da malmala uku ta tuwon shinkafa a gidan ubansa ba zai zauna da yunwa a garin kifi ba.

Shekaranjiya ka bugo waya kana tambayata wace kwamfutar gwajin mota za ka saya wa sabon garejinka. Na fara bayani, sai na ji kana ta "To Baba, to Baba," irin wadda kake yi idan idonka yana kan wani abu daban. Shi ya sa na ɗauko biro. Kuma akwai maganar da bakina ya kasa faɗa maka duk shekarun da muka yi muna aiki tare. Ka sani tun yanzu, sunana ya riga ka isa Argungu, kuma ba duka ne ya isa da kyau ba. Akwai mutum ɗaya a garin nan da na cuta da irin wannan na'ura, kuma mutum ne da direbobi da 'yan albasa ke jin maganarsa. Idan ya ce kada a kai maka mota, to wuni za ka yi kana korar ƙuda a bakin rumfa. Zan zo kansa. Bari in fara da wautar da ta fi sauƙin faɗa.

Ka san ni mutumin kafireto ne da waya. Da kunne na koyi aiki. A da, mota tana shigowa gareji nake sanin ciwonta tun direba bai kashe ta ba. Sai motocin Kwatano masu burenbos, wato ƙwaƙwalwar mota, suka cika gari, waɗanda ba sa tari, ba sa atishawa, sai dai su kunna maka 'yar rawayar wutar nan ta dashbod da muke kira cek, su yi shiru. Ina ji ina gani mutanena suka fara wucewa ta gabana suna tafiya Gesse wajen wani mai kwamfuta. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Da wani ya dawo daga Legas da 'yan ƙananan kwamfutoci a jaka, ban tambaye shi komai ba, na zaɓi ja, don ita ce ta fi kyau a ido, kuma idan aka jona ta tana yin ƙara ƙit-ƙit. Har gida na kawo ta na nuna wa innarku, ta juya ta, ta ce, "Wagga abar ita ta za ta hi ka sanin mota?" Na ce mata ta jira ta gani.

Wadda ta fara kunyata ni ita ce Madam Rifkatu, matar Malam Bitrus, mutanen Filato ɗin nan da ke zaune a Gesse, waɗanda suke aiko mana da shinkafar Kirsimeti. Motarta tana fizga duk lokacin da giya za ta canza. Na jona jar kwamfutata da alfahari, ta yi ƙit-ƙit, ta ce babu lamba. Na miƙe na ce, "Madam, kwamfuta ta ce lahiya lau motakki take." Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "To Oga Garba, sai ka gaya wa kwamfutan ta zo ta kai ni coci ran Lahadi." Duk garejin aka kwashe da dariya, har da mai shayi. Da yamma mijinta ya zo ya karanta mini 'yar takardar da ke cikin kwalin, wadda ban taɓa buɗewa ba saboda Turanci ne zalla. Ashe abar injin kawai take ji. Ba ruwanta da giya, ba ruwanta da birki, ba ruwanta da jakar iskar da ke cikin sitiyari.

Saboda haka abu na farko, ka tambayi mai sayarwa da wa da wa take magana a cikin mota. Idan injin kaɗai take ji, ka ajiye masa kayarsa. Kuma ka karanta takardar kwalin. Kai dai na biya maka makaranta, ba ka da uzurin da nake da shi.

Ƙarshen jar kwamfutar ma abin dariya ne. Wani direban tifa ya tsaya ya ce in gwada masa. Na leƙa ƙarƙashin sitiyari, na ga soket, na tura, ta shiga daidai. Na ce a raina tunda ta shiga ai ta dace. Kafin in ɗago kai sai na ji wari kamar ana babbakar kan akuya. Babbar mota batir biyu take haɗawa, wutarta ninkin ta ƙaramar mota ce, ita kuwa 'yar tawa ta ƙananan motoci ce. Direban ya ce, "Mi tac ce?" Na ce ta ce sai wata rana. Argungu akwai manyan motocin shinkafa, kuma za su zo maka. Ko dai ka sayi wadda aka rubuta a jikinta tana ɗaukar wutar babbar mota, ko kuwa ka koyi cewa "wannan ba aikina ba ne" ba tare da jin kunya ba.

Ta biyu da na saya ta fi hankali, tana jin injin da giya. A kanta ne na san Alhaji Arzika, mutumin da na ce zan zo kansa. Ɗan Augie ne, yana noma shinkafa da albasa, amma a Argungu yake zaune. Za ka tuna shi, dogon nan mai dariya da ƙarfi da yake kawo mana albasa da busasshen kifi lokacin kana sakandare. Ya kawo mini a-kori-kurarsa tana shan mai kamar rijiya, cek a kunne. Kwamfuta ta ba ni lamba, na duba, ta ce sensar da ke jikin salansa. Na canza sensa. Bayan kwana huɗu ya dawo da wuta a kunne. Na ce jabu aka sayar mini, na sake wata. Ya sake dawowa. Sai a karo na uku, da haushi ya ishe ni, na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashin motar ina bin wayar da yatsa. Can wajen bayan injin na tarar da sheƙar ɓera, an jera ɓawon shinkafa da tsumma, an ci rabin wayar sensar. Motar da ke kwana da buhunan shinkafa shanshera a sito, me kake tsammani? Na fito da sheƙar a hannu, Alhaji ya riƙe ciki yana dariya, ya ce, "Garba, kwamfutakka duk da Turancinta ba ta san kusu ba?"

Ka riƙe wannan da kyau. Lamba unguwa take nuna maka, kai ne za ka nemi gidan. Idan ta ce sensa, tana nufin ka duba sensa da wayarta da soket ɗinta da fiyus, ba ta ce ka ruga kasuwa ba. Don haka ka zaɓi wadda take nuna abin da mota ke ciki injin yana aiki, zafinsa nawa, iska nawa yake ja, me kowace sensa take faɗa a wannan lokacin. Da ina da irin ta a ranar, da na girgiza wayar kawai na ga lissafin yana tsalle, da ɓeran bai ci mini sensa biyu ba. Abin mamaki, wannan kunyar ce ta haɗa mu da Alhaji. Ya ce shi yana son makanikin da zai fito da sheƙar ɓera ya nuna, maimakon ya jefar a ɓoye. Daga nan duk motar da ke hannunsa da ta abokansa, wajena take zuwa, su baro Argungu da makanikanta su taho har Birnin Kebbi.

Yanzu kan wadda ranka yake so. Kada ka yi musu, na ga hotonta a wayarka, babbar nan mai gilashi kamar faranti, wadda ake shafawa da yatsa. Na san dalili, kana so idan ka fito da ita mutane su ce injiniya ya zo. Ban hana ka ba, amma ka yi mata jarrabawa uku kafin ka ɗauka. Ka fita da ita tsakar rana ka ga ko ana ganin rubutun, don rumfarka ba ofis ba ce, kuma ka san ranarmu. Ka shafa ta da hannu mai baƙin mai ka ga ko tana jin yatsan. Sannan ka tambaya ko tana aiki ba tare da data ba, da kuma abin da zai faru idan shekara ta zagayo ba a sabunta ta ba, don wasu sai su kulle bakinsu su bar ka tsaye gaban mai mota. Idan ta hannu ce, ka tabbata wanda ya fara sayenta ya sake ta, ba a ɗaure take da sunansa ba. Ka duba wayarta ma. Wayar ce ke fara mutuwa, ana taka ta, ana datse ta da ƙofa, to ka tambaya ko ana samun wata a kasuwa.

'Yar mitsitsiyar nan kuma da ake haɗawa da wayar hannu, na taɓa aron ta. Ba laifi a aljihu. Amma ina tsakiyar gwaji innarku ta kira tana tambaya ko na sayo daddawa, komai ya ɓace, na koma farko. Ka riƙe ta a matsayin safaya idan kana so.

Mafi muhimmanci, kada ka gwada ta a kan motar mai shagon, wannan ya riga ya san suna shiri. Ka ce ya biyo ka tasha. Ka jona ta a tsofaffin motocin da ke zirga-zirgar Augie, da a-kori-kurar 'yan albasa, da motar wani ma'aikaci. Waɗannan su ne abincinka. Kwamfutar da ta san duk motocin Turai amma ba ta gaisawa da motocin Argungu, ado ce kawai. Idan mai shago ya ƙi zuwa tasha, ka yi masa sallama cikin mutunci ka tafi.

To, Bashar, ga maganar da nake ta zagayewa.

Ka san yadda mutanenmu suke cewa "a sa mata kwamfuta," kamar allura ce ake yi wa mota ta warke. Su a wajensu wutar cek ita ce ciwon, idan ta mutu an gama. Kowace kwamfuta kuwa tana da maɓallin gogewa. Ka danna, wuta ta ɗauke, mai mota ya yi murmushi ya yi godiya, ciwon yana nan kwance sai ya ga dama ya tashi. Na saba da wannan maɓallin fiye da yadda ya kamata. Ina gaya wa kaina ai su suka roƙa.

Wata rana da bazara wani dillalin motoci, ba zan faɗi sunansa ba, ya kawo wata farar a-kori-kura ya ce in kashe masa wutar kawai. Na jona, na ga lambar. Injin yana tsallake wuta idan ya ɗau zafi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, alamar gasket ɗin kan injin ta fara tafiya. Na gaya masa, ya ce ya sani, zai gyara daga baya. Na goge. Soket ɗin motar yana lilo, sai na ɗaure shi da jan salatif ɗina, irin ɗaurin da nake yi mai kai biyu.

Bayan kwana shida Alhaji Arzika ya zo da fara'arsa, ya ce in raka shi in duba masa motar da zai saya, albasa ta yi kyau bana, tsohuwar ta yi masa kaɗan. A hanya ya ce, "Garba, duba min ita da kyau. In kac ce in saye, in saye. In kac ce in bari, in bari." Muka isa, na ga mota an wanke ta tana ƙyalli, an sa mata sababbin tayu da labule, ban gane ta ba. Na durƙusa zan jona kwamfuta, sai ga jan salatif ɗina, da ɗaurina mai kai biyu. Na ɗago, sai ga dillalin can gefe yana kallona.

Kwamfuta ta ce babu lamba. Dole ta ce haka, ni na share mata. A nan ne ya kamata in ce, Alhaji, na san motar nan, kada ka saya. Amma faɗin haka yana nufin in faɗi abin da na yi a gaban mutane. Kunya ta kama ni, kuma na zaɓi kaina. Na juya wa Alhaji fuskar kwamfutar na ce, "Ga shi, ba ta nuna komi ba." Ban yi ƙarya da baki ba, haka na riƙa lallashin kaina, amma Allah ya sani ƙarya ce.

Tafiyarta ta biyu, da lodin albasa daga Augie, injin ya buga a hanya. Albasar ta kwana biyu a bakin titi, ruwan farko ya same ta a can. Ka san abin da ruwa ke yi wa albasa a buhu. Alhaji bai zo ya yi mini faɗa ba, bai aiko ba. Ya dai daina zuwa, abokansa ma suka daina. Kai da kanka ka tambaye ni ina mai kawo mana kifi, na ce maka hanya ce ta yi masa nisa. Shekara tara ke nan, kuma ban taɓa jin warin ruɓaɓɓiyar albasa a kasuwa ba tare da gabana ya faɗi ba.

Ga abin da nake so ka nema a kwamfutarka saboda wannan. Masu kyau suna da shafin da ke nuna tafiyar da mota ta yi tun ranar da aka goge mata lamba, da kuma ko burenbos ya gama binciken kansa ko bai gama ba. Idan aka kawo maka tsohuwar mota ta ce babu lamba, amma shafin ya nuna ko tazarar nan zuwa Kalgo ba ta yi ba tun gogewar, to wani ya riga ka taɓa ta. Tawa ba ta da wannan shafin. Da tana da shi, da ta tona ni a gaban Alhaji, kuma wallahi da na gode mata. Kada ka sayi wadda ba ta da shi, ko da ana haɗa ta da kyautar hula. Kuma kada ka goge lamba sai ka rubuta ta a takarda ka ba mai mota, ka gyara abin da ta nuna. Wanda ya ce ka kashe masa wuta kawai, ka ce masa maɓallin ya lalace.

Ranar Juma'ar da na ce muku zan je ganin rumfarka kafin ka tare, na gan ta cikin minti goma. Sauran wunin a ƙofar gidan Alhaji Arzika na yi shi. Sau biyu ina sa ɗan kabu-kabu ya wuce gidan kafin in iya sauka. Na same shi a zaure bayan an sauko masallaci, ya yi furfura, amma muryar tana nan.

"Garba Rewaya! Yau kai na garinmu? Lalle, lalle."

Aka kawo fura, na kasa sha. Na faɗa masa komai, har salatif ɗin. Ina magana ina kallon tabarma, ni da na aurar da 'ya'ya. Da na gama, na fara neman takalmina da ido. Sai ya ce, "Wanga zance ai na san shi tun watan da abin yaf faru. Dillalin da bakinai yag gaya min, ran da munka yi rigima. Ni dai jira nikai in gani ko naka bakin na buɗewa." Ya girgiza kai. "Shekara tara, Garba. Ko bisa jaki kat taso daga Birnin Kebbi, da ka iso tun dauri."

Na ce ya yafe mini. Ya ce albasa ta riga ta ruɓe, ba ita ta ƙona masa rai ba, abin da ya ƙona masa rai shi ne ni ya dogara da ni. Sannan ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma in sha furar nan kafin ta yi tsami. Bashar, ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da na sauke. Na sha kwanon nan tas, har na nemi ƙari.

Da zan tafi ya rako ni bakin hanya, ya ce, "Na ji yaron ga naka za ya buɗe gareji garinmu. Ka ce mai ina kawo motata Litinin ta sama. Wuta na bisa gare ta wata biyu, kuma na san ciwonta, don an gwada min ita Sakkwato. In yag gaya min daidai, motocin 'yan albasa duk nashi na. In ko yag goge min wuta..." Bai ƙarasa ba, ya fashe da dariyar nan tasa har mai kabu-kabu ya waiwayo.

To ka ji. Kana da daga yau zuwa Litinin ta sama ka zaɓi kwamfutarka ka san hannunta. Idan ya zo, ka gaishe shi da kyau, ka ba shi kujera a inuwa, ka juya masa fuskar na'urar ya ga duk abin da kake gani. Idan ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba tukuna, ya ba ka wuni ɗaya. Ban tambaye shi abin da ke damun motar ba, kuma ko da na sani ba zan gaya maka ba. Ni na ɓata wancan gwajin, wannan naka ne, kuma raina ya ba ni za ka ci.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka kasuwa mai tsabta, ya haɗa ka da mutanen kirki. Allah ya tsare ka daga haɗarin hanya da na aiki, ya sa ka riƙa kwana da zuciya sakayau. Ƙannenka suna gaishe ka, Malam Bitrus da Madam ma sun ce a gaishe da injiniya. Ranar Litinin ɗin, da Alhaji ya tafi, ka kira ni kafin ka kira innarku.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Garba Rewaya.